Maigida Ya Ɗaura Bel, Jariri Yana Cinya

Ka tsaya bakin kowane babban titi a Birnin Kebbi da yammacin Juma'a, lokacin fita gaishe-gaishe, ka leƙa motocin gida da ke wucewa. Maigida na tuƙi, ya ja bel ya ɗaura, domin ya san 'yan Rod Sefti na iya tsayawa a gaba. Uwargida na gefensa da jariri a cinya, an lulluɓe shi da tawul. Yayyen jaririn suna baya, ɗaya ma a tsaye tsakanin kujerun gaba ya dafa kafaɗar babansa. A motar nan kaf, wanda ya fi kowa ƙwarin ƙashi shi ne a ɗaure. Wanda ko wuyansa bai tsaya ba kuwa shi aka kai kusa da gilashi, ba abin da ke riƙe da shi sai hannu biyu.

Ra'ayina a kan wannan ba shi da tsawo. Duk magidancin da Allah ya hore wa mota, kujerar jariri ta mota tana cikin haƙƙin ɗansa a kansa, kuma ya kamata ta shigo gida kafin ranar haihuwa, tun ba a fara cinikin ragon suna ba. Da gangan na ce magidanci. A yawancin gidajenmu shi ke da motar, shi ke tuƙi, shi ke yanke abin da za a saya da wanda za a jinkirta. Idan aka juya zancen ya koma kan mata, an ɗora wa wadda ba ta da makulli laifin mai makulli.

Da yawa idan ka ɗauko maganar nan, abin da kunnensu ke ji shi ne kana cewa uwa ba ta iya riƙon ɗanta ba. Ai ba wanda ya kai ta iyawa. Matsalar tana ga lissafin da bai san uwa ba, bai san kaka ba. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wato gudun cikin gari, idan ta daki wani abu ta tsaya cak, duk abin da ke cikinta wanda ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya da wannan gudun har sai ya samu abin da ya tare shi. Dukan da jiki zai sha daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kusan saman bene mai hawa uku. A cikin wannan ƙiftawar ido, nauyin da hannu zai riƙe yakan ninka sau 20 zuwa 30. Jaririn da ke da kilo 5 ya koma kilo 100 zuwa 150. Mu mutanen Kebbi ba sai an ja mana bayani ba: buhun shinkafa biyu ko uku ke nan, masu kilo 50. A nuna mini matar da za a fizgi wannan nauyi daga ƙirjinta ba zato ba tsammani ta iya riƙewa. Ko ɗan dakon da ya fi kowa ƙarfi a kasuwar Jega ba zai iya ba.

Wannan idan ita uwar ta ɗaura bel ke nan, ɗan ya kuɓuce ya tafi shi kaɗai. Idan ba ta ɗaura ba, abin ya fi muni, domin jikinta zai bi bayansa da nata nauyin da shi ma ya ninka, sai yaron ya shiga tsakaninta da dashbod. Akwai kuma masu dabarar jan bel ɗaya ya zagaye uwa da ɗa, suna ganin sun jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A nan nauyin babba ne zai matse cikin yaro a jikin bel, hanta da saifa da hanji duk suna wurin. Goyo ma, da ya rene mu duka kuma babu kamarsa ga mai tafiya a ƙasa, a cikin mota yana sa jariri tsakanin bayan uwarsa da kujera.

Sai jakar iskar nan da ke fasowa daga gaban mota idan an yi karo, wadda makanikai ke kira eyabag. An yi ta ne don ƙirjin babban mutum da ke zaune nesa da ita cikin bel. Tana fitowa da gudun da zai iya kai kilomita 300 a awa. Jaririn da ke cinya a kujerar gaba, kansa yana daidai bakinta. Shi ya sa ko kujerar jaririn ma ba a sa ta a gaba matuƙar jakar na aiki, kuma gargaɗin yana nan a manne jikin abin tare rana na motoci da yawa, da hotonsa, ga wanda ya taɓa sauke shi ya duba. Wani zai ce ai tasa motar tun kafin ta iso hannunsa aka cire jakar. To, ya rabu da haɗari ɗaya, gilashi da dashbod suna nan inda suke.

Jikin jariri ba ƙaramin jikin babba ba ne. A lokacin haihuwa kansa ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, ga nauyi, ga wuyan da ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba. Duk ungozoma ta san wannan, shi ya sa idan za ta miƙa maka jinjiri sai ta ce ka tallafi kan. Idan yaro yana fuskantar gaba aka yi karo, ko da jikinsa a ɗaure yake, kan zai wulla gaba ya ja wuyan, lakar da ke ciki kuwa ba ta jure ja. Idan yana fuskantar baya, bayan kujerar ne zai tare kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya, ƙarfin dukan ya bazu a faɗin jiki. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Farfesa Bertil Aldman, shi ya fito da wannan tsari a 1964, bayan ya lura da yadda ake kwantar da 'yan sama-jannatin Amurka a kan bayansu don su jure ƙarfin tashin roka. Har yau a Suwidin yara kan zauna suna fuskantar baya har wajen shekara 4. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba R129, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce aƙalla sai yaro ya kai wata 15 kafin a juya shi gaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum wajen miliyan 1.19 a shekara, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, duk da cewa mu ne muka fi ƙarancin motoci. Ita dai hukumar ta ce kujerar nan, idan an yi amfani da ita daidai, tana iya rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin 100. Na yi ta tunani ko akwai wani abu guda da uba zai shiga shago ya saya da kuɗinsa ya rage haɗari da wannan yawa. Ban da gidan sauro, ban tuna wani ba.

Akwai masu cewa jariri ai ba ya yawo, yana ɗaki har arba'in. Su lissafa da kyau. Daga asibiti zuwa gida tafiya ce, kuma yaron bai kwana biyu a duniya ba. Mai haihuwar fari da ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Zuru ko Yawuri ko Kamba, dole wata rana a ɗauko ta da jinjirinta a dawo da ita ɗakinta, tafiyar awoyi. Wata kuma a nan ta haihu, bayan suna a kai ta gida wankan jego. Ga riga-kafi: na haihuwa, na sati 6, na sati 10, na sati 14, na wata 9. Ga yawon arba'in, wanda sunansa ma ya faɗi abin da ake yi. Ga Sallah ƙarama da babba da kowa ke son kai sabon yaro ƙauye kakanni su sa masa albarka. Kafin jariri ya yi shekara ya sha hanya fiye da wani dattijon unguwa.

Hanyoyin kuma mun san su. Wanda ya saba bin Jega zuwa Koko zuwa Yawuri ya san tireloli, ya san ramin da kan fito maka bayan kwana, ya san garken shanun da kan tsallaka ba sallama. Hanyar Argungu zuwa Sakkwato idan ta yi kyau sai ta ja ƙafar direba ya taka fiye da ƙima. A cikin gari kuma ga kabu-kabu da Keke Napep da kan yanko gabanka ba sigina, ga akuya, ga yaron da ya biyo ƙwallo. Ba sai an yi karo ba ma. Birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya raba jariri da hannun da ya yi laushi saboda gyangyaɗi, mai jego kuwa da ta kwana tana shayarwa ba za a ga laifinta ba idan ta yi gyangyaɗi a mota. Muna alfahari da masu ɗorin Aliero, kuma sun cancanta, daga nesa ake kawo musu karaya. Amma abin da haɗari ke yi wa jariri yawanci a kai ne da wuya. Wannan ba aikin ɗori ba ne. Sau da yawa sai dai a ɗauki hanyar asibitin koyarwa na Sakkwato, a yi ta addu'a a kai da rai.

Na san amsar da ke bakin wasu tun ɗazu: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, kuma ba mai imanin da zai musa. Sai dai mai faɗin hakan ya kulle ƙofar gidansa jiya da dare, ya sa wa shagonsa kwaɗo biyu, kuma shi kansa yana cikin bel. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. A watan Mayun 2021, da jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski aka rasa mafi yawansu, duk jihar nan maganar rigar ruwa aka koma yi, ban ji wanda ya ce sa ta ya saɓa wa tawakkali ba. Babba yana da zaɓi, in ya ga dama ya yi ganganci da ransa. Jariri bai zaɓi komai ba, amana ce aka ɗauko aka sa a mota.

Abin da ya fi ƙaddara wuyar sha'ani shi ne Inna. Wanda bai shirya wa wannan ba, kujerarsa za ta ƙare a saman sif. An fito za a shiga mota, ka ɗauki jinjiri ka kwantar a wata roba ka ɗaɗɗaure, ka juya fuskarsa baya, sai mahaifiyarka ta tsaya ta riƙe haɓa: "Wanga wane irin boko na? Ɗa da rainai a ɗaure shi, uwatai na zaune, ni ina zaune?" Ba ka da bakin musu da ita, kuma bai kamata ka yi ba. Ta haifi takwas ta rene su ba kujera. Abin da ba za ka iya ce mata kai tsaye ba shi ne, yawancin renon nan a ƙasa aka yi shi da ƙafa, ba a mota mai gudun 120 ba.

A nan ne nake ganin masu wayar da kai suke kuskuren wurin bugu. Suna yi wa amarya bayani, alhali a al'adarmu, musamman a haihuwar fari, ba ita ke riƙe da yaron ba. Kunyar ɗan fari ba za ta bar ta ta rungume shi gaban surukai ba, balle ta ce ga yadda za a zaunar da shi. Kaka ce ko gwaggo ko yayar miji ke karɓarsa, kuma don girmamawa ita ake ba kujerar gaba. Ka ga an haɗa biyu ke nan: girmamawar da muke yi wa babba ita ke kai jariri wuri mafi haɗari a motar. Matar ba za ta iya gyara wannan ba, in ta yi magana ta zama mara kunya. Ɗan gidan ne zai iya, kuma da lalama, tun kafin ranar. Ya kai kujerar ɗakin Inna tun cikin yana wata takwas, ya nuna mata, ya bar ta ta jujjuya ta ta gama faɗanta. Ranar tafiya kuma ya ce, "Inna, zauna nan baya kusa da mijin naki ki riƙe hannunsa, in mun isa naki ne har dare." Tsofaffinmu ba sa ƙin abin da zai tsare jika. Abin da suke ƙi shi ne a nuna musu ba su san komai ba a gaban surukarsu.

Sai kuɗi. Sabuwar kujera mai inganci tana iya cinye albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun Yulin 2024. Ba zan raina wannan ba. Amma da wa nake magana? Da wanda ya sayi mota, yake zuba mata mai tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, yake canza taya da batir, wani ma ya sa baƙin gilashi da sababbin sifiku. A lissafa abin da suna ɗaya ke ci: rago, wani biyu, kayan fitar suna, anko, rumfa da kujeru, abincin 'yan barka. Suna yini ɗaya ne. Kujerar kuwa, masu ƙera ta kan ba ta shekara 6 zuwa 10, kenan yara biyu ko uku za su iya wucewa ta cikinta, a tsakani kuma a ara wa ƙani ko maƙwabci. Ta jarirai zalla takan ɗauki yaro har kilo 13, akwai kuma wadda ake gyara zamanta ta bi shi har ya yi wayo.

Abokan aiki da ke haɗa gudummawa idan an yi wa ɗayansu haihuwa, da mata masu adashi, ga shawara kyauta. Mai jego kan tashi da sabulun da ba za ta ƙarar ba a shekara, da rigunan jariri iri ɗaya har goma waɗanda zai fi ƙarfinsu kafin arba'in. Idan gidan akwai mota, a haɗa kuɗin a sayi kujera. Abin da aka kawo a matsayin kayan barka, ko Inna ba za ta ce a mayar ba.

Inda maganata take da rauni shi ne wurin zama, kuma gara in faɗa da kaina. An ƙera kujerun nan da tunanin gida mai yara biyu. Namu gidan akwai mai yara shida, akwai mai mata biyu da Corolla ɗaya. Kujerar jariri tana cin wurin mutum guda cur, wurin da da yara biyu za su matsu a ciki. Duk wanda ya ce akwai dabarar da za ta sa mutum tara su zauna lafiya a motar mutum biyar, son ransa ya faɗa. Abin da ya rage shi ne a bi tsari: mafi ƙanƙanta shi ke da kujera, saura su zauna baya cikin bel, wanda bai kai shekara 12 ba kada ya zauna gaba, kada kowa ya tsaya a tsaye. In cikin gari ne, a yi sawu biyu. In tafiya ce mai nisa, ba dole ne kowa ya je kowane biki ba.

Mafi yawan jariran Kebbi kuma ba su da motar gida sam. Uwarsu tasha take zuwa, a cusa ta a Golf ko Sharon, huɗu a baya biyu a gaba, bel ɗin ma an tura shi ƙarƙashin kujera tun shekarar da aka sayi motar. Ko ta hau Keke Napep, ko bayan kabu-kabu da goyo. Ba zan yi wa wannan baiwar Allah wa'azin kujera ba, zai zama izgili. Abin da za a iya gaya mata kaɗan ne, kuma da babu gara ba daɗi: kada ta yarda a ba ta gaba ko da ɗan kamasho ya ce alfarma ce ya yi mata, ta guji tafiyar dare, in bel na aiki ta ɗaura wa kanta ita kaɗai ba tare da yaron a ciki ba, in a babur ne ta tattare hijabi da zani kada taya ta ja. Wannan rage asara ne kawai. Gyaran nata yana hannun masu hana lodi fiye da ƙima da gudun ganganci, da shugabannin tasha. Amma kasancewar talaka ba shi da hali bai zama hujja ga mai hali ba. Na sha jin ma'aikaci mai mota biyu yana cewa "mutanenmu ba su da kuɗin wannan," kamar da shi ake cikin mutanen.

Wanda ya saya kuma, saura ya iya amfani da ita, don kujerar da aka ɗora kawai a kan kushin ba a ɗaure ba ita da yaron za su tashi tare. Ana kama ta da bel ɗin motar ta hanyoyin da aka yi wa alama a jikinta, ko da wasu ƙarafa biyu da ke ɓoye a tsagar kujerar baya, waɗanda ake kira ISOFIX. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga ƙarshen 2002, irin su Camry da Corolla da Accord da suka cika garin nan, suna da ƙarafan, masu su da yawa ba su taɓa sa hannu sun laluba ba. Idan an gama ɗaurewa a girgiza ta daga gindi. In ta motsa fiye da faɗin yatsu biyu, a sake. Ta jinjiri takan kishingiɗa ne wajen rabi, domin in ta miƙe sosai kansa zai faɗo kan ƙirji ya toshe numfashi. Igiyoyin su kama jiki yadda ba za ka iya tsunkular rara a kafaɗa ba. Lokacin hunturu, kada a naɗe yaro da rigar sanyi mai kauri da tawul biyu sannan a ɗaure, kaurin zai lotse a karo ya bar sarari. A ɗaure shi da kaya marasa nauyi, a rufa bargon daga sama.

Zafi kuwa namu ne, littafin da ya zo da kujerar daga Turai bai san shi ba. A watan Maris da Afrilu Birnin Kebbi kan haura digiri 40. Ƙarfen maɓallin kujerar da ta yini a rana zai iya ƙona fatar jariri, don haka a riƙa rufe ta da farin zani, a taɓa da bayan hannu kafin a sa shi. Jikin yaro yana ɗaukar zafi sau 3 zuwa 5 fiye da na babba, kuma motar da aka rufe takan ƙara wajen digiri 10 cikin minti 10. Jaririn da ya yi barci a baya yana fuskantar baya ba ya motsi, ba a ganinsa a madubi. Kada a bar shi a mota ko da "yanzu zan fito" ne, ko a ƙofar banki ko masallaci. A doguwar tafiya a tsaya duk bayan kamar awa 2 a fito da shi ya miƙe. In ya yi kukan nono, maigida ya samu inuwa ya faka. Ciro shi a shayar mota na gudu ya rushe duk abin da aka gina, kuma minti goma ba za su hana a riski ɗaurin aure ba. In an isa gida a mayar da shi shimfiɗarsa, kujerar ba gadon kwana ba ce.

Ta gwanjo fa? Ita ce da yawa za su iya saya, kuma ba zan ce haramun ba ce. A duba takardar da ke manne a jikinta: ta Turai ruwan lemo ce da harafin E cikin da'ira da lambar R44/04 ko R129, ta Amurka kuma tana da ranar ƙira, wata har da ranar daina aiki. In babu takarda, in robar ta tsage ko ta yi fari don shan rana, in igiya ta zare ko maɓalli ba ya kamawa da ƙara, a bar ta ko nawa aka rage. Abin da ido ba zai gani ba shi ne ko ta taɓa shiga haɗari, domin wadda ta sha karo mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ta yi kyau a ido. Saboda haka ta hannun ɗan'uwan da ka san tarihinta ta fi ta dila. A kuma kula da kwandunan ɗaukar jarirai da ake sayarwa a shagunan kayan yara, masu kama da kujerar mota amma babu inda bel zai bi. Waɗannan na tsakar gida ne.

Game da hukuma, ba na goyon bayan a fara da tara. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato Rod Sefti, a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a Janairun 2003, kuma ta daɗe tana nanata cewa yaron da bai kai 12 ba wurinsa baya ne, a ɗaure. Amma dubi irin ɗaura bel ɗin da tsoron tara ya koya mana: a ja shi in an hango shinge, a sake shi in an wuce. In aka bi wannan hanya da kujerar jarirai, za a samu kujera ɗaya a but da ake fito da ita don jami'i, da sabuwar ƙofar na-goro a kan hanya. Ko Amurka ba dare ɗaya ta yi ba. Jihar Tennessee ce ta fara doka a 1978, da matsin wani likitan yara, sai 1985 sauran jihohin suka gama bi.

Inda ya kamata a fara shi ne wurin awo. Mai ciki tana zuwa sau da yawa, ana yi mata bayanin abinci da gidan sauro da shayarwa. A ƙara minti biyar a kan yadda jariri zai koma gida, da kujera ta gaske a gaban nas tana nunawa, a asibitin Sir Yahaya da na Kalgo da manyan asibitocin Argungu, Yawuri da Zuru. A ranar sallama kuma a faɗa wa mijin ido da ido, tunda a ranar dole ya zo biyan kuɗi. Limamai su taɓo shi a huɗuba ko a wajen raɗin suna, inda maza ke taruwa da safe. Ya kamata gwamnatin tarayya ta sauke harajin shigo da kujerun. 'Yan Rod Sefti su ware rana ɗaya a wata a harabar ofishinsu, duk mai kujera ya zo a duba masa ɗaurinta kyauta ba tare da an tambaye shi takardun mota ba, don in aka tambaya ba mai zuwa. Manyan ma'aikata da 'yan siyasa da ake gani da jerin motoci su fara da 'ya'yansu da jikokinsu, tunda a garin nan abin da aka gani a motar babba shi ake kwaikwaya. In an yi shekara biyu ana wannan, duk mai motar gida da aka kama da jariri a kujerar gaba a rubuta masa tara da rasit, ni dai ba zan je roƙa masa ba.